Rumbun Yusufu da Lambun Bayan Ɗaki

Karatu: Farawa 41:33-36, Irmiya 29:4-7, Yahaya 6:1-13



Kowace shekara abu ɗaya yake faruwa a kasuwanninmu. Da kaka gero yana araha, manomi ya sayar da tiya a kuɗi kaɗan. Da tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya kusa ƙarewa, sai ya koma ya sayi geron nan da tsada. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su manta da yunwar 2005 ba, wadda ta biyo bayan fari da farin dango na 2004.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan cimakarmu ba. Yusufu ya shawarci Fir'auna a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar a shekaru bakwai na ƙoshi. Da yunwa ta zo, hatsin nan ya ceci Masar, ya ceci gidan Yakubu kuma. Allah ne ya bayyana mafarkin, amma hannun mutane ne ya cika rumbunan. Kai ma, in ka ware dami ɗaya cikin biyar tun ranar girbi, ka ga bambanci a watan Agusta. Wake kuwa, ka shanya shi ya bushe sarai, ka zuba a jarka mai tsabta har baki, ka toshe ta sosai. In iska ba ta shiga, ƙwari za su mutu.

Annabi Irmiya ya rubuta wa bayin da aka kai Babila cewa su gina gidaje, su yi lambuna, su ci amfaninsu. Ko a baƙuwar ƙasa, Allah ya so mutanensa su shuka abin ci. 'Yar'uwa, ko gidan haya kike, tsohon buhu cike da ƙasa da taki ya isa a shuka alayyafo ko yakuwa. Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu. Zogale ɗaya a bayan ɗaki yana ba da ganye shekara da shekaru, ruwan da kika wanke tsaba da shi kuma ya ishe shi. Kuɗin kayan miya da ya ragu sai ya tafi makarantar yara.

Bayan Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu, ya sa almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage, har suka cika kwando goma sha biyu. Mai ikon yawaita gurasa bai yarda a zubar da ita ba. Idan tumatir ya yi araha, a yanka a shanya ya zama kauɗa. Ganyen albasa a yi gabu. Ganyen zogale a shanya shi a inuwa. Sauran tuwon dare ɗumamen safe ne.

Amma mu yi hankali. A Luka 12, mai arzikin da ya ƙara girman rumbunansa domin kansa kaɗai, Allah ya kira shi wawa. Rumbun Yusufu an buɗe shi ga mayunwata. In kuɓewarka ta yi albarka, ka tuna da gwauruwa da maraya a ikkilisiyarku, da maƙwabcinka ko da ba ku sujada tare.

Addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin abincinmu na yau. Ka ba mu hikimar tanadi, da ƙarfin aiki, da zuciyar bayarwa. Cikin sunan Yesu. Amin.