Kyan Gida da Haƙƙin Mai Kallo

A watan Mayun 2023 hukumar Halstat, wani ƙauye da ke cikin tsaunukan Alps na ƙasar Ostiriya, ta kafa shingen katako daidai inda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Suka ta yi yawa, ba a jima ba aka cire shi. Tun da na karanta labarin nake tambayar kaina: shin kyan gida yana bai wa wanda ba nasa ba wani haƙƙi a kansa?

Mazauna ƙauyen ba su kai 800 ba, amma idan kakar yawon buɗe ido ta kama, baƙi kan kai 10,000 a yini guda. Abin da suke zuwa gani kuwa ba don ƙawa aka gina shi ba. Wurin a matse yake tsakanin dutse da tafki, shi ya sa masu haƙar gishiri, sana'ar da ta shafe dubban shekaru a nan, suka jera gidajensu wani bisa wani a jikin tsauni. Ƙuncin bai bar matattu ba. Da maƙabarta ta cika, sai a tono ƙasusuwan wanda ya daɗe da rasuwa, a rubuta sunansa a ƙoƙon kansa, a zana furanni, a ajiye a wani ɗaki na majami'a. Yau baƙo yana biyan kuɗi ya shiga ya kalli kakan wani.

Mai kare baƙi yana da hujja, ban kuma raina ta ba. Tun 1997 UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya, kuma da kuɗin baƙin ake gyara rufi, ake riƙe matasa a gida. Wanda ya buɗe otal ba zai ce an keta masa haddi ba.

Sai dai a 2012 an buɗe kwafin Halstat a lardin Guangdong na ƙasar Sin, da dandalinsa da hasumiyar cocinsa. Da siffar gini ce kaɗai abin nema, da kwafin ya wadatar. Bai wadatar ba, jama'a sun ci gaba da tururuwa zuwa na asali, domin a can ne ake haihuwa, ake shanya tufafi, ake binne mutane. Ke nan abin da baƙo ya biyo shi ne rayuwar ɗan gari, ita ce kuma yawansa ke takurawa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓar da ke sauka dubu goma kullum ta tashi daga raɓa. Ina ganin mai kallo yana da izini ne kawai, irin na wanda ya yi sallama a zaure, kuma mai gida yana iya ƙayyade shi ba tare da an kira shi marowaci ba. Abin da mazauna suka nema ke nan a watan Agustan 2023, da suka tare hanyar shiga ƙauyen suna neman a taƙaita yawan baƙi.

Ƙoƙon kai na ƙarshe da aka kai ɗakin nan, a 1995, na wata mata ce da ta yi wasiyya da haka. Ina zaton kusa da mutanenta ta so a ajiye ta.