Da Mudun Wa Kake Awo?

Karatun yau: Romawa 2:12-16; 2 Sama'ila 12:1-13

Wataƙila ɗanka ya dawo daga jami'a da wannan tambaya, ko kuwa kai ma ta taɓa hana ka barci: idan wanda bai san Allah ba yana mayar da kuɗin tsintuwa, yana kula da iyayensa, yana ƙin cin hanci, don me muke cewa nagarta daga Allah take? Ashe hankali kaɗai bai isa ba?

Kada ka tsawata wa mai tambayar. Manzo Bulus da kansa ya koyar cewa al'umman da ba a ba su Dokar Musa ba sukan aikata abin da Dokar take so, domin lamirinsu yana yi musu shaida. Saboda haka kirkin maƙwabcinka bai ƙaryata Allah ba. Alamar Mahaliccinsa ce a zuciyarsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma ka dubi kasuwa. Mudu yana auna hatsi, sai dai ba shi ne ya yanke wa kansa girma ba. In mai awo ya bubbuge gindinsa, zai cika har ya yi tozo, mai saye kuwa ya tafi gida da ragi. Haka hankalinmu yake: yana iya auna nagarta da mugunta, amma son zuciya yakan lotsa shi ba tare da mun lura ba.

Sarki Dauda bai rasa hankalinsa ba sa'ad da ya ɗauki matar Uriya. Da hankali ya kirawo Uriya daga fagen yaƙi, da hankali ya rubuta wa Yowab wasiƙa a sa shi inda yaƙi ya fi zafi. Da annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, nan take ya husata, ya yanke hukunci. Mudunsa lafiya lau yake in wani ake aunawa. Sai da maganar Allah ta nuna shi da yatsa kafin ya ga zunubinsa.

Ɗan'uwa, ka yi aiki da hankalinka, kyautar Allah ce. Amma ma'aunin gaskiya halin Allah ne, wanda ba ya canjawa saboda ribarka ko tawa. In ka ji kanka yana jera maka dalilai masu daɗi na riƙe albashin mai aikinka, ko na ɓoye wa matarka gaskiya, ka dakata. Kai maganar gaban Kalmar Allah, ka bar Ruhu Mai Tsarki ya sāke awon.

Addu'a: Ya Uba, ka daidaita mudun zuciyata, ka ba ni ikon aikata abin da na sani daidai ne, cikin sunan Yesu. Amin.