In Sha Allah da Haƙƙin Mai Sauraro

Yawancin maganar da ake yi a karar Wudil ranar Juma'a, magana ce a kan gobe. Falke ya loda shanu zuwa Kudu, ya ce cikon kuɗi sai kasuwa mai zuwa. Dillali ya tsaya masa. Direba ya ce jibi warhaka yana Legas. Kowannensu ya rufe da in sha Allah. Sai dai a bakin wani tana nufin na ɗaura niyya, mutuwa ko ciwo kaɗai za su hana, a bakin wani tana nufin zan gwada, a bakin wani kuma tana nufin kada ka sa rai. Mai shanu ya koma gida bai san wacce aka ba shi ba. Abin da nake gani shi ne, jingina gobe ga nufin Allah haƙƙin Allah ne, faɗa wa mutum gwargwadon yadda abu zai yiwu kuma haƙƙin mai sauraro ne, kuma sauke na farko ba ya sauke na biyu.

Masu magana da Turanci sun fi mu yawan bambance waɗannan matakai a zancen yau da kullum. Suna da lafazin abin da aka riga aka tsara, da na niyya, da na zato mai ƙarfi, da na zato mai rauni, kuma wanda ya yi amfani da na tabbas ya saɓa, ana riƙe shi da maganarsa. Su ma ba su tsira daga ruɗani ba. A 1951 hukumar leƙen asirin Amurka ta rubuta cewa akwai yiwuwa babba a kai wa Yugoslabiya hari. Da wani jami'in hukumar, Sherman Kent, ya tambayi waɗanda suka amince da jimlar abin da suke nufi, wani ya ce kashi 20 cikin ɗari, wani ya ce 80. Irin wannan ne ya sa masana suka koma ɗaura wa kalmomin zato alƙaluma. Kuma ba wai al'adarsu ba ta san jingina ga Allah ba: Wasiƙar Yaƙub a Littafi Mai Tsarki na Kirista, sura 4, ta tsawata wa ɗan kasuwar da ke tsara shekarar riba bai ambaci yardar Ubangiji ba. Da yawansu sun riƙe auna zato, sun saki ambaton Allah. Mu mun riƙe ambaton, muna sakaci da awon, alhali Hausa ba ta rasa kayan aiki ba: akwai lalle, akwai mai yiwuwa, akwai wataƙila, akwai da ƙyar.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin Alƙur'ani. Umarnin faɗin in sha Allah da ke Suratul Kahfi, aya 23 da 24, malaman tafsiri sun ce ya sauka ne bayan Ƙuraishawa sun yi wa Annabi (SAW) tambayoyi, ya ce zai amsa gobe bai yi togaciya ba, wahayi ya yi jinkiri. Babu wanda zai ce Annabi yana kokwanton niyyarsa. Abin da aka koyar shi ne cewa gobe ba a hannun bawa take ba, komai ƙarfin azamarsa. A Suratul Fathi, aya 27, Allah da kansa ya haɗa in sha Allah da alkawarin shiga Masallaci Mai Alfarma, alkawarin da babu ƙwayar shakka a cikinsa. Ke nan kalmar ta dace da abin da aka tabbatar kamar yadda ta dace da abin da ake fata. Wanda ya mayar da ita mafakar alkawarin da ya san ba zai cika ba, ya sa sunan Allah a gaba don ya rufe bakin mai bin sa bashi, domin wa zai yi gardama da nufin Allah? Wannan ya fi ƙarya tsirara muni, tunda ranar da aka saɓa, laifin ƙaddara za a ɗora wa.

Wani zai ce auna gobe da kashi-kashi shisshigi ne cikin gaibu, ya kawo ƙarshen Suratu Luƙman, inda aka ambaci saukar ruwa da abin da rai zai samu gobe cikin abubuwan da saninsu ke wurin Allah. Wannan ƙorafi ne na mai tsoron Allah, bai kamata a yi masa dariya ba. Amma duk shekara hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, kuma manomin fadama a bakin kogin Wudil ya san cewa idan madatsun Tiga da Challawa suka cika aka saki ruwa, gonarsa na cikin haɗari. Wannan karatun sababi ne, irin wanda tsoho ke yi in ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya. Hadisin Zaidu bin Khalid na Hudaibiyya ya hana a jingina ruwa ga tauraro a matsayin mai saukarwa. Imamu Shafi'i ya bayyana cewa wanda ya ambaci tauraro yana nufin lokacin da ruwan ya saba zuwa bai kafirta ba. Annabi Yusuf ya sa an adana hatsi a zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na fari. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Abin da aka hana shi ne da'awar sani na yanke. Mai cewa da wuya ruwa ya kai ƙarshen Satumba ya furta iyakar saninsa ne a fili.

Ƙorafi na biyu ya fi kusa da zuciyarmu: kunya. Yaro ba ya duban babba ya ce ba zan iya ba, kuma in sha Allah mai sanyi takan tsare mutuncin kowa. Na yarda akwai wuraren da duka ɓangarorin biyu sun fahimci nufin, kamar gayyatar biki, babu wanda ya cutu. Amma inda wani zai gina shawara a kan maganarka, kunyar ta zama asararsa. Makiyayin da aka ce wa Juma'a mai zuwa ya riga ya yi wa mai dusa alkawari, ya sa ranar kai matarsa asibiti. Da an ce masa, Alhaji, in sha Allah zan kawo, amma sai an sayar a Legas, kuma kasuwar ba tabbas, da ladabi bai ragu ba, shi kuma da ya san ko ya ba da shanun bashi ko ya koma da su ruga.