'Yan Taru: Makarantar da Ke Bin Ɗaliba Har Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon da ya sanar da mu cewa neman ilimi farilla ne.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ka sani cewa yarinyar da ta bar makaranta a ƙauyukan Wurno, Rabah ko Goronyo, sau da yawa ba ƙin karatu ya fitar da ita ba. Talla ce, ko aikin fadamar Rima, ko aure. Magabatanmu sun san wannan ciwo. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya gafarta masa, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali matansu da 'ya'yansu na zaune cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mai da zancen aiki.

A shekarun 1830, zamanin da yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya riƙi Wurno ribaɗi, ta kafa 'Yan Taru. Ta lura cewa mai goyo da ke cikin kulle ba ta iya baro ƙauyenta, sai ta nemi waɗanda ke iyawa, wato 'yan mata da dattijai mata. Kowace ƙungiya tana da jaji, wato jagora, wadda Nana ke naɗa wa malafa da jan rawani. Su zo a ƙasa da sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu, su haddace waƙoƙin tauhidi da salla da kyawun hali, su koma su shiga gida-gida suna karantarwa. Wane ne zai hana dattijuwar garinsu shiga gidansa? A ganina nan hikimar take.

Nana ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ɗauki aikin, kuma yau har a Amurka akwai Musulmi mata masu wannan suna.

A zamaninmu kuwa, a 2014 asusun UNICEF ya fara ba iyaye Naira 5,000 duk bayan wata uku domin 'ya mace ta zauna a aji, har da Wurno da Goronyo. Madalla da wannan, gama kuɗin talla dole a maye gurbinsa. Sai dai shirin mai wa'adi ne, kuma wa'adinsa ya cika. Ƙungiyoyin iyaye mata na makarantunmu su ne ke nan bayan tafiyar baƙi, kuma su ya kamata mawadata su ƙarfafa da sadaka da waƙafi, domin ranar da kujerar yarinya ta wayi gari babu kowa, a sami uwar da za ta yafa mayafi ta je ta yi sallama a gidansu.