Turakun Lambar Rimi

Sa'anda muka tashi daga Zuru za mu Katsina, muka bi ta Lambar Rimi, muka ga dogayen turakun ƙarfe 37 a fili, kowane da fukafukai a bisa kansa. Muka yi tambaya, aka ce mana an kafa su domin su ba da wutar lantarki megawat 10. Iska ta kan juya fukafukan, su kuma su juya inji, wuta ta bi waya. Amma ran da iska ta kwanta, ko fitila ɗaya ba su iya kunnawa.

'Yan'uwa, haka ekklesiya ta ke. Ubangiji Yesu ya kwatanta aikin Ruhu Mai Tsarki da iska sa'anda ya ke magana da Nikodimu (Yohanna 3:8). Mu a ƙasar Zuru muna da majami'u da ƙungiyoyi. Amma in ba Ruhu, turaku ne kawai, maƙwabtanmu kuwa suna cikin duhu. Ba mu da ikon ta da iskar nan, gama ta Allah ce. Namu shi ne mu juya, yadda kan injin ya kan juya ya bi iska: mu tuba, mu shirya da ɗan'uwan da mu ke gaba da shi, mu koma taron addu'a. Bari mu soma yau.