BUTUTUN KWALI DA BASHIN DA MUKA MANTA



Ranar Asabar bayan La'asar na dawo gida a nan Doka, sai na tarar da layinmu ya kaure da ihun yara. Kowane yaro riƙe da dogon bututun kwali, irin wanda ake naɗe bandir ɗin yadi a jikinsa. Wannan ya hau nasa kamar dokin kara, wancan yana busa nasa wai kakakin sarki ne, ƙaramin ɗana kuwa ya kafa baki a nasa yana kiran sallah. Na tambaye su ina suka samo, suka ce: "Baba, Alhaji mai yadi ne ya rufe shago, ya ce kowa ya ɗiba kyauta."

Na yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Tambaya ce ta tsaya mini a rai: ya halatta in ji daɗin abin da ya shigo gidana ta dalilin karayar ɗan uwana?

Yaran dai ba su da laifi. Kyauta aka ba su da daɗin rai, kuma Musulunci bai hana yaro wasa ba. Ya tabbata a Sunan Abi Dawud cewa Annabi (SAW) ya ga kayan wasan Nana A'isha (RA), cikinsu har da doki mai fikafikai, ya tambaye ta, amsar da ta ba shi ta sa shi dariya. Saboda haka kada wani ya ƙwace musu kwalinsu da sunan tsoron Allah. Tambayar tamu ce, mu manya.

Bayan Magariba na je na gaishe da Alhajin. Kantoci wayam, sai ƙura da wani tsohon littafi a kan benci. Na ce, "Alhaji, kasuwa ce ta yi haka?" Ya yi murmushi ya turo mini littafin. Sunayen masu bashi ne, shafi bayan shafi: shaddar Sallah, leshin lefe, yadin makaranta, ankon biki. Mafi yawansu mutanen unguwa ne, waɗanda yake haɗa sahu da su sau biyar a rana. Ina cikin buɗawa sai ga sunan gidana. Kuɗin yadin yara tun Sallar bara. Wallahi na manta da shi. Shi kuma kunyar malam ta hana shi tambaya.

'Yan uwa, idan ana maganar mutuwar harkar tufafi a Kaduna, nan da nan mukan nuna Kakuri, can ƙetaren kogi. An buɗe masaƙar KTL a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, UNTL ma ta rufe a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Mukan ce rashin wutar lantarki ne da kayan fasa-ƙwauri, kuma gaskiya ne. Sai dai wannan zargin yana da daɗin yi, domin babu sunan ɗayanmu a ciki. Shagon unguwa kuwa sau da yawa "rubuta, zan kawo ƙarshen wata" ne yake cinye shi. Jarin mai shago juyawa yake yi. Idan kuɗi bai dawo ba, ba shi da abin zuwa Kantin Kwari saro wani kaya.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka da rubuta shi. A Sahihul Bukhari an kawo gawar wani mutum da ake bi bashi, Annabi (SAW) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Kuma ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi da sunan zalunci. Wanda yake cikin ƙunci daban ne, shi an yi umarni a saurara masa. Amma mai sayen data kullum, mai sauya waya duk shekara, wane uzuri zai kawo?

Amsar da na ba kaina ita ce: farin cikin ɗana halal ne, nawa kuwa bai halatta ba sai na sauke abin da ke kaina, domin yadin da ke naɗe a wannan kwalin yana cikin akwatinmu. A daren na tura wa Alhaji kuɗinsa, na roƙe shi gafara. Ya ce ba komai, amma na ga idonsa ya cika da ƙwalla.

Kai ma ɗan uwa, ke ma 'yar uwa, kafin ku kwanta yau ku tuna: tela, mai shago, mai kayan miya, wa ke bin ku? Ko rabi ne ku kai, ku nemi uzurin sauran.

Allah Ya mayar wa Alhaji da mafi alheri, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa mu cika babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin.