"Ba Shi Zahi": Nasiha Ga Mutanen Kabi Kan Sankarar Mama

A daminar bara aka yi jana'izar wata mata a wani ƙauye na bakin fadama, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ba ta cika arba'in ba, ta bar yara, autan ma ba a daɗe da yaye shi ba. A zaman makoki kowa cewa yake ciwon ya zo mata bagatatan. Ba haka ba ne, kuma masu faɗar sun sani. Tun kusan shekara biyu kafin nan, wata rana tana wanka, ta ji wani ɗan ƙullutu mai tauri a mamanta na hagu. Ta nuna wa uwar mijinta. Tsohuwar ta latsa, ta ce, "Shina yi maki zahi?" Ta ce, "A'a, Inna." Aka ce mata, "To in ba shi zahi, bar shi, nono ne ya daskare."

Wannan magana ce ta hana mai wannan rubutu sakat. Ba shi zahi! Ai kuwa likitoci sun gaji da faɗa cewa ƙullutun sankara a farkonsa galibi ba ya ciwo. Wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin hanyoyin da nono ke bi, ko inda yake taruwa, suke kama hayayyafa babu tsayawa. Da farko suna nan wuri ɗaya, likita na iya cire su. In an bar su sai su gangara hammata su tayar da kaluluwa, daga nan su bi jiki zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake kasa ciwon mataki-mataki har huɗu. Gaskiya ne yawancin ƙullutun da mata ke ji ba sankara ba ne, amma yatsan uwar miji ba ya bambancewa. Sai an yi hoto, an ɗebi ɗan abin an kai ɗakin gwaji.

Da abin ya ƙara girma ta gaya wa mai gida. Ya ce a bari sai an yi girbi. Subhanallahi! Mutumin da in ya ga ganyen shinkafarsa ya fara ja, ba ya kwana sai ya ranto kuɗin feshi, shi ne yake ce wa uwar 'ya'yansa ta jira kaka. Kakar ta zo, aka sayar da shinkafa, aka yi bikin ƙane, aka sake babur. Ita kuwa kunya da kawaici sun hana ta sake ɗaga maganar, tunda dai ba shi zahi. Ba mijin nan kaɗai ba ne. Magidanta nawa ne a Gwandu, Augie, Kalgo da Bunza suka ɗauki cefane shi ne iyakar haƙƙin aure? Su ji tsoron Allah. Za a tambayi kowa amanar da aka ɗaura masa a gaban shaidu.

Ranar da zafin ya zo, ba asibiti aka nufa ba. Wurin wani mai magani aka kai ta, ya duba ya ce jifa ne, ya kuma yi nuni da cewa hannun na cikin gida. Nan take aka ɗora wa kishiya, baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Aka yi hayaƙi, aka shafa saiwa, daga ƙarshe aka yi mata sakiya wai a fitar da mugun ruwa. Wurin ya zama gyambo, ya ƙi rufuwa, har yaranta suka daina shiga ɗakin saboda wari. Sai a lokacin aka ɗauko mota. Daga Birnin Kebbi aka tura su Sakkwato, inda ake gashin sankara, likitoci suka ce ciwon ya riga ya kai ƙashi. Kuɗin da aka ƙi kashewa a farko an kashe ninkinsa a ƙarshe, har da gona aka jinginar.

Masu maganin nan da ke kafa lasifika ranar kasuwa suna rantsuwa cewa ƙullin gari ɗaya na kashe ciwon daji, wa zai tsawata musu? Suna cin kuɗin marasa lafiya, suna cinye musu watannin da ba sa dawowa. Mai unguwa na ji, hakimi na ji, kowa ya yi gum. Malamai kuma, Allah Ya ƙara musu daraja, sun karantar da cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, amma sau nawa aka ji huɗubar Juma'a ta ambaci wannan ciwo? Wai abin kunya ne a ambaci mama a kan mumbari. Su ne dai ake kira su sallaci gawar.

Mata su ma ba su fita ba. Abin da ya fi tsorata mace ba wuƙar likita ba ce, bakin 'yan'uwanta ne: a ce ga mai nono ɗaya, a yi mata zunɗe a gidan suna, a zuga miji ya ƙaro aure. Wasu har gudun kwanonta suke yi, alhali sankara ba a ɗaukarta daga wani. Da an gano da wuri ma, ba kowace ake cire wa mama duka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo a duniya, kimanin 670,000 suka rasu. A Nijeriya shi ne kan gaba a sankarar mata: ƙiyasin shekarar ya nuna sabbin kamu sama da 32,000, mutuwa sama da 16,000. A ƙasashe masu arziki, cikin mata goma da suka kamu, tara na raye bayan shekara biyar. Ba don Turawa sun fi kowa tsawon kwana ba, suna zuwa ne tun ba shi zahi. Kusan rabin masu kamuwa ba su da wani dalili sai kasancewarsu mata da kuma shekaru, don haka kada wata ta ce babu shi a danginsu. Shayarwa na rage haɗari, amma marigayiyar nan ta shayar da duk 'ya'yanta. Maza ma na kamuwa, ko da yake ba su da yawa.

Abin takaicin, Kebbi ba jihar da za ta ce ba ta ji ba ce. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamna, ta yi shekaru tana wannan kira ta gidauniyarta ta Medicaid, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC, mai hedikwata a Janeba. Duk watan Oktoba ana sa jar riga mai haske a yi tattaki a birane, a yi shela a rediyo. Duniya ta ji muryar Kebbi, amma tsakar gidan da ke ƙasa da tafiyar awa ɗaya daga Birnin Kebbi ba ta ji ba, ko ta ji ta toshe kunne. Tsada gaskiya ce, na'urorin gashi ba su da yawa a ƙasar nan, wannan nauyin hukuma ne. Sai dai ba tsada ce ta ce "bar shi" ba.

Don girman Allah, duk macen da ta ji ƙullutu a mama ko hammata, ko ta ga fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini, a kai ta Babban Asibitin Argungu, Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya na Birnin Kebbi a makon nan. Hukumar Lafiya ta Duniya so take a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Mai gidan da ya ce ba shi da kuɗin mota ya je ya ranta a inda yake rantar na taki.